Muhawara: me ake kira riga, kuma ina iyakarta?

Mai Kula da Zaure:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kalmar da za mu tattauna yau ita ce riga. Abin da ya jawo ta kuwa gardamar da aka kwana ana yi ce a ƙarƙashin hoton wani ango da aka saka a zauren nan, kan sunan rigar da ke jikinsa. Wasu suna rubuta babbar riga, wasu babban riga, can kuma wani ya ce abin da ke jikin angon ma ba riga ba ce, kaftani ne. To, ga fili ga mai doki. Teloli da 'yan kasuwa da malaman harshe, bismillah.

Malam Na-Nahawu:
Wa alaikumus salam. Bari a fara kawar da mai sauƙin. Riga kalma ce ta mace, shi ya sa ake cewa rigar nan, rigata, rigar ta yage. Duk siffar da ta zo gabanta dole ta bi ta: farar riga, sabuwar riga, doguwar riga, babbar riga. A daidaitacciyar Hausa babu babban riga, kamar yadda babu babban mota. Jam'inta riguna, a nan kuma sai a ce manyan riguna.

Wani abin da ke rikita masu rubutu shi ne riga biyu ce a boko, rubutu ɗaya, furuci daban. Ta sawa ana jan wasalinta na farko. Ɗayar kuwa aikatau ce, wasalinta gajere: ya riga ni zuwa, ya riga mu gidan gaskiya, kada ka riga malam masallaci. Rigakafi daga wannan ta biyun ya fito, wato a riga abu yin kafi tun bai iso ba. Ba shi da haɗi da tufa ko kaɗan, duk da akwai masu ɗauka rigar da ke kare jiki ake nufi.

Ɗan Zangon Kumasi:
Allah ya gafarta malam, na yarda da ƙa'idar rubutu, amma kada a ce mai faɗin babban riga bai iya Hausa ba. A zangunan Gana ba a cika raba namiji da mace a magana ba, rigan nan da motan nan shi ne abin da yaro ke tashi da shi a bakin iyayensa. Ko a Najeriya ma ana jin haka a wajen Zazzau da Bauchi da Jos. Karin harshe ne, ba kuskure ba ne.

Malam Na-Nahawu:
Gaskiyarka ɗan'uwa, a baki kari ne, ba wanda zai hana. Abin da nake cewa, in za a rubuta a jarida ko littafin makaranta ko allon shago, a rubuta babbar riga. Wani babban rigan da ake gani a intanet ma ba daga zango ya fito ba, daga rubutun Turanci ne na waɗanda suka ji kalmar a sama suka kama, sai kuma 'ya'yanmu suka kwafo daga wajensu.

Basakkwace:
Mu a nan sai mu ce rigatai inda Bakano zai ce rigarsa. Sannan ba kowace ake kira riga ba. Ta yau da kullum, mai hannu, wadda ba ta da faɗi, taggo ce, abin da wasu ke kira taguwa. In dattijo ya ce a miƙo mishi riga zai tafi fada ko ɗaurin aure, ba wanda zai miƙo taggo. Babbar yake nufi.

Telan Fagge:
Wannan magana ta Basakkwace ita ce gindin abin. A bakin mutanen da, riga kawai ba tare da ƙari ba ita ce babbar riga. Sauran kowace da sunanta: 'yar ciki wadda ake sawa a ƙarƙashinta, 'yar shara marar hannu mai buɗaɗɗen gefe, taguwa, jamfa da ke tsayawa wajen gwiwa, kaftani da ke wuce gwiwa ya sauka ƙauri. Daga baya kalmar ta yi faɗi ta haɗiye su duka, har shat da singileti da suwaita suka shigo ciki. Da ta yi faɗi haka sai aka rasa yadda za a ware ta asalin, dole aka ƙara mata babba.

Shi ya sa a shagon tela kalmar riga ita kaɗai ba ta isa umarni ba. Mutum ya ajiye yadi biyar ya ce a yi masa riga da wando, tela zai yanka kaftani ko jamfa, don yadin ne ya gaya masa. Ya ajiye yadi goma ya ce riga, tela ya san saiti uku ne, babbar riga da 'yar ciki da wando. Rikici yana tasowa ne a tsakiya, mai yadi bakwai ko takwas. Shi a ransa babbar riga, tela kuma ya ga ba za ta fita da faɗi ba sai ya yi kaftani ya mayar da ragowa. Almakashi kuwa in ya shiga ya shiga. A faɗi sunan rigar, a faɗi inda tsawonta zai tsaya, a faɗi irin hannun, sake ko mai maɓalli, kafin a bar shagon.

Hajiya Mai Ɗinkin Mata:
Maigida ka yi ta maza ka bar mu. A wajen mata in aka ce riga, ta sama ake nufi, wadda ake haɗawa da zani ko siket. Riga da zani, riga da siket. In ta sauka har idon sawu ta zama doguwar riga, kuma ita ba ta neman zani. Buba riga ce mai sakin jiki da faɗin hannu. Shimi ta ciki ce. Rigar mama ko rigar nono ita ma sunan riga ta ci, ga rigar barci.

Lissafin turmin atamfa kuwa yadi shida ne. Zani yana cin biyu, ɗankwali ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, riga ɗaya da rabi zuwa biyu, abin da ya rage shi ne na ado ko na goyo. Inda ake samun matsala shi ne atamfa mai manyan furanni ko zane mai fuskantar gefe ɗaya. Dole a daidaita furen gaba ya zauna a tsakiyar ƙirji, hannu biyu su yi kama da juna, wannan kuma yana cin yadi. Mai son riga mai dogon hannu da tattara a irin wannan atamfa, ta sani daga zaninta ko ɗankwalinta za a ciro. Kada ta zo daga baya ta ce tela ta ci mata yadi.

Ɗalibar Jami'a:
To Malam, in shat riga ce, rigar mama riga ce, babbar riga riga ce, me ya haɗa su? Me ya sa hijabi bai zama riga ba alhali ya fi wasunsu rufe jiki?

Malam Na-Nahawu:
'Yata, ki duba aikatau da kowace tufa ke tafiya da shi, nan amsar take. Zani ɗaura shi ake yi. Rawani naɗa shi ake yi. Gyale da mayafi yafa su ake yi. Hula a sa ta ko a kafa ta. Riga kuwa sawa ake yi, a zura kai ko hannu a ciki, in an gama a tuɓe. Ba mai cewa ya ɗaura riga ko ya naɗa ta. Wato riga ɗinkakkiya ce, an yi mata wuya, nauyinta a kafaɗa yake, gangar jiki take rufewa. Hijabi a ka yake rataye, fuska ce ke fitowa ta kafarsa ba wuya ba, shi ya sa bai shiga ba. Wando daga ƙugu yake farawa, shi ma ya fita.

Dogarin Fada:
Allah ya gafarta malam, to alkyabba fa? Ɗinkakkiya ce, a kafaɗa take zama, gangar jiki take rufewa. Amma a fada ba a kiranta riga. Yafa ta ake yi a kan riga, gabanta a buɗe, ga kokuwa a baya. Ranar naɗi a sa wa mutum riga, a naɗa masa rawani, a yafa masa alkyabba, uku ne daban-daban.

Malam Na-Nahawu:
Ai ka ba da amsar da bakinka, yafa ta ake yi. Ba ta da hannun da za a zura, ba ta da wuyan da kai zai shiga. Jabba da kufta da falmaran kuwa ko da gabansu a buɗe yake ana zura hannu, don haka in yaro ya kira su riga ba za a ce ya yi kuskure ba.

Telan Fagge:
A nan ban bi Malam duka ba. Babbar rigar ma ai ba hannu gare ta irin na zurawa ba, gefenta a buɗe yake daga kafaɗa har kusan ƙasa. Wuya shi ne alƙali, ba hannu ba. Tela in ya yanke wuya a yadi ya zama riga ko bai ɗinke komai ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce in mutum ya ce zai ba ka riga, dubi ta wuyansa. Bai ce ta jikinsa ba, bai ce ta hannunsa ba.

Malam Na-Nahawu:
Na karɓa. Wuya ne gaba, hannu na biye.

Mai Aikin Hannu, Birnin Zariya:
Tun da an zo kan wuya bari in shigo, don a babbar riga wuya da aljihu su ne rigar, sauran yadi ne kawai.

Yadda ake tayar da ita: gaba da baya yadi ɗaya ne a ninke a kafaɗa, babu ɗinki a saman kafaɗa. Faɗinta ana auna shi da gaba, mutum ya miƙe hannuwansa biyu a auna daga wuyan hannu zuwa wuyan hannu, mai son ta cika a ƙara masa. In faɗin yadin bai kai ba sai a yi ƙari a gefe biyu, su ne hannuwan. Gefen ba a ɗinke shi sai daga can ƙasa, abin da bai fi taƙi ɗaya ko biyu ba. Wuya ba a tsakiya cif yake zama kamar na kaftani ba, kuma ba zagaye ba ne, saukowa yake yi ya haɗu da bakin aljihu. Aljihun babba ne, a ƙirjin hagu, kuma a kansa mafi yawan aiki yake zama.

Kafin allura ta taɓa yadi sai mai zayyana ya zana aikin da alƙalami da tawada. Sana'a ce mai zaman kanta, da yawa daga masu yinta tun da malaman allo ne, don hannunsu ya saba da zayyanar allo. Sannan a ba masu ɗinki. Yau a cikin birni mata da yawa ne ke wannan aiki a cikin gidajensu, wuya daban, aljihu daban, daga baya a harhaɗa.

Sunayen da kuke ji na aska biyu da aska takwas sunayen aikin ne, ba na yankan rigar ba. Aska ita ce doguwar siffar nan mai tsini da ke kallon ƙasa. A aska biyu guda biyu ne ke saukowa daga gefen wuya. A aska takwas ga waɗannan biyun dogaye, ga wasu shida a kan aljihu. Tambari shi ne zagayen nan mai kama da naɗin tabarma, ɗaya a ƙirjin dama, ɗaya a baya ƙarƙashin ƙeya. Akwai dagi, akwai gidan biyar. Linzami shi ne ɗan aikin da ke riƙe kusurwar wuya kada ta yage, don a nan nauyin aljihu ke ja. Malum-malum kuwa aikin ya cika gaba da baya har yadin ba ya ko ganuwa sosai, ƙananan huda ne dubbai kowace an zagaye ta da zare. Irin wannan watanni take ci a hannu, shi ya sa kuɗinta ba na wasa ba ne.

Abin da ke ɓata babbar riga guda nawa ne, kuma kusan duk a wuya suke. In an yanke wuya ya yi faɗi, rigar za ta dinga zamewa baya, mai ita yana ta jawo ta gaba. In an ja zare da ƙarfi wajen aiki, yadin zai tattare kewaye da askar, guga ba ta gyara shi. In ba a sa wani ƙyalle a bayan wurin aikin ba, nauyin zaren zai rinjayi shadda marar kauri, aljihu ya zube gefe guda, rigar ta karkace hagu. In kuma tawadar zayyana ta yi yawa a farin yadi, wankin farko za ta fito ta gefen zare.

Dattijon Soron Ɗinki:
Madalla da wannan bayani. A ƙara da cewa kafin shadda ta zo riga sunan saƙarta take ci. Masaƙa su saƙa sawaye, tsiri-tsiri, a jera su a ɗinke gefe da gefe har su yi faɗin riga, kuma gwargwadon sirantar sawayen da yawansu gwargwadon darajar rigar. Saƙi ita ce mai ɗigon baƙi da fari kamar jikin zabo. Tsamiya mai launin ƙasa-ƙasa ce, zarenta daga gidan wata tsutsa ake samunsa, a dafa shi da toka ya saki danƙonsa sannan a kaɗa. Barage tana da ratsin ja. Kore ita ce wadda aka rina da baba ta yi baƙi, aka buga da shuni har tana ƙyalli, kuma garin Kura na jihar Kano ya yi suna a wannan aiki. Gare fara ce mai faɗi ba ta da yawan aiki. Girke kuwa ƙasanta a buɗe yake, an yi mata ƙari ta yi baza, ga shafi a ciki. Nufawa sun yi fice a ɗinkinta, shi ya sa ake cewa girken Nufe.

Shafi shi ne yadin da ake bi bakin ƙasan riga da shi ta ciki. Da da alharini ake yi, jan siliki da fatake ke kawowa ta hamada daga Tarabulus. Ba ado kaɗai ba ne. Nauyinsa ne ke sa riga ta zauna, ta yi lilo in ana tafiya, kuma in aka saɓa hannun riga a kafaɗa sai launin ya leƙo. Teloli da yawa yanzu sun daina sa shafi, su kalmashe baki kawai, shi ya sa za ka ga riga mai tsada iska tana wasa da ita kamar tuta.

Almajirin Fiƙihu:
Baba, tun da ka ambaci alharini, a tuna cewa an hana maza sa tufar siliki, sai dai hadisin Sayyidina Umar da Muslim ya ruwaito ya yi rangwamen faɗin yatsa biyu ko uku ko huɗu. Don haka mai son shafi ko aiki da siliki na gaske ya tambayi malamansa. Zaren da ake kira siliki a kasuwa yau galibinsa na roba ne mai sheƙi, ba na tsutsa ba. Haka nan tsawo, rigar namiji kada ta wuce idon sawu. Tela ya auna mutum yana tsaye da takalmin da zai sa, don babbar riga tana ƙara sauka in aka sake hannuwanta daga kafaɗa.

Ɗan Kwari:
Ga lissafin kasuwa. Yadi inci 36 ne, kamu biyu ke nan a awon da, kamu kuwa daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsan tsakiya. Babban mutum madaidaici, kaftani da wando yadi huɗu zuwa biyar. Saiti uku da babbar riga yadi goma. Dogo ko mai jiki ya ƙara ɗaya ko biyu. Amma kada a tsaya a tsawo kawai, a tambayi faɗi. Shadda mai faɗin da ya kai wajen inci 60 ba ɗaya take da yadi mai inci 45 ba. Yadi goma na mai ƙaramin faɗi sai an yi ta ƙari a hannu, kuma kowane ƙari layin ɗinki ne da zai fito a jikin riga. A shadda akwai wani abin kuma: furenta yana da kai da gindi, sheƙinta yana bin hanya ɗaya. In tela ya juya ƙyallen ƙari ya sa shi a kife, a cikin shago ba za a gani ba, sai an fita rana hannu ɗaya ya fi ɗaya duhu.

Bamaraɗe:
A wajenmu da mita ake awo ba da yadi ba, kuma mita ta ɗara yadi, yadi santimita 91 ne da ɗan ɗori. Mita tara ta kusa yadi goma. Mai aiko da saƙo daga Maraɗi ko Damagaram zuwa Kano ya faɗi wanne yake nufi, don goma ta can ba goma ta nan ba ce. Shadda mai kyau kuma bazan ake ce mata a bakin masu Faransanci, babbar riga su ce bubu. Getzner da ake ji kamfani ne na ƙasar Ostiriya.

Ɗan Zangon Kumasi:
Kalmomin rigarmu sun yi tafiya fa. Ɗan ciki, wato 'yar ciki, shi ne Yarabawa suka ara suka ce danshiki, daga nan ta haye Amurka ta zama dashiki, baƙaƙen fatar can suka rungume ta a ƙarshen shekarun 1960. Abin da yake na ciki a wajenmu ya koma na waje a wajensu. Babbar kuwa Yarabawa agbada suke ce mata, a arewacin Kamaru a ce gandura.

Telan Fagge:
Suna kuma yana zuwa da zamani. Tazarce ai doguwar rigar maza ce da ta ci sunan siyasar ƙarshen mulkin Janar Sani Abacha, wajen 1998. Siyasar ta wuce, sunan ya zauna a bakin teloli.

Mai Wanki da Guga:
A ba ni dama in yi ta kula da ita, don riga da yawa a wanki take mutuwa ba a jiki ba. Shadda ba a jiƙa ta ta kwana, ba a sa mata ruwan zafi, ba a cuɗa wurin aiki da ƙarfi. Ruwan sanyi, sabulu marar kaifi, a bi wuya da bakin aljihu da hannu a hankali, a ɗauraye, kada a murɗe. A juya cikinta waje a shanya a inuwa. Mai shafi ja ko aiki mai launi a farin yadi, a gwada gefe da ɗan ruwa tukuna a ga ko yana zuba, in yana zuba a wanke da sauri a shanya a miƙe, kada a bar ta a dunƙule a bokiti.

Wajen guga, ta baya ake goge wurin aiki, a shimfiɗa tawul a ƙasa, in ba haka ba zaren zai kwanta ya mutu, na roba kuwa narkewa yake yi. Sitati kaɗan ya isa. In ya yi yawa shadda tana karyewa a kan ninki, farin layi ya fito wanda ba ya gogewa. Mai son sheƙin asali ya dawo ya kai wa masu bugu. A ɗan yayyafa ruwa, a ninke, a ɗora a kan gungume a yi ta bugu da mabugi har fuskar yadin ta kwanta. Amma a gaya musu su kauce wa malum-malum, bugu yana tsinka zaren huda. Kore kuwa ba a kai ta ruwa sakaka, shuninta ne kyanta, wanki ɗaya zai tafi da shi.

Mai Fassarar Labarai:
Ni inda kalmar ta fi ba mu aiki shi ne inda ta bar tufa. Rigar kariya yanzu abu huɗu take ɗauka a labarai. Akwai ta sashe na 308 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, wadda ta hana a gurfanar da shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu suna kan mulki. Akwai wadda jami'an tsaro ke sawa don harsashi. Akwai ta ma'aikatan lafiya lokacin annoba. Akwai ta masu shiga jirgin ruwa. In aka rubuta cewa fasinjojin kwalekwale ba su sa rigar kariya ba, mai karatu zai gane daga zancen, amma kanun labari ba shi da zance a bayansa. Shawarata a bar rigar kariya wa ta tsarin mulki, tun da ta riga ta zauna. Ta harsashi a ce rigar sulke, kalma ce tamu tun zamanin yaƙin dawaki. Ta jirgi a ce rigar ceto. Kada a ce mata rigar ruwa, don rigar ruwa ta damina ce, ruwan sama take tarewa, ba ta hana nutsewa.

Dogarin Fada:
Sulke dai na ƙarfe ne, zobba ƙanana a sarƙe da juna. Na auduga da ake cusawa a ɗinke, wanda doki da mahayi ke sawa, lifidi ne. Har yau ana ganin 'yan lifida a hawan salla. In aikin da rigar harsashi ke yi ake dubawa, sulken ya dace.

Hajiya Mai Ɗinkin Mata:
A cikin gida ma riga ta bar jikin mutum tuni. Rigar filo, rigar katifa, rigar kujera, har rigar waya. Amma ku lura ba a cewa rigar gado, zanin gado ake cewa. Dalilin shi ne wanda Malam ya faɗa ɗazu: abin da aka ɗinka daidai jikin abu aka zura shi ciki riga ne, abin da aka shimfiɗa a kai zani ne. Mai ɗinka rigar katifa ta auna tsawo da faɗi da kauri, ta ƙara inci ɗaya ko biyu na ɗinki, ta sa zif a gefen da ya fi tsawo. In aka sa a gajeren gefe, sai an lanƙwasa katifar kafin ta shiga, zif ɗin kuma ba ya daɗewa.

Ungozoma:
Akwai rigar da ba tela ya ɗinka ba. Wani jariri yana fitowa lulluɓe da tantanin da ya zauna ciki a mahaifa, sai a ce an haife shi da riga, kuma daga nan laƙabin Mairiga ya samo asali. Ba cuta ba ce. Abin da ake yi shi ne a yaye tantanin daga fuska nan take don hanci da baki su samu iska.

Ɗalibar Jami'a:
Wato ke nan da wannan ma'anar ake cewa wani ya fake da rigar addini ko rigar malanta?

Malam Na-Nahawu:
Da ita. Riga tana rufe abin da ke ciki, tana kuma sanar da matsayin mai ita tun daga nesa, to duk abin da ya yi wa mutum wannan aiki sai a ara masa sunan. Rigar sarauta, rigar mutunci, rigar aro. Kuma a da kyautar riga ba ƙaramin abu ba ce. In aka ce sarki ya yi wa wane riga, an ɗaukaka shi ne a bainar jama'a, makaɗa da maroƙa kuwa da riguna da dawaki ake auna abin da suka samu a fada. Yara ma sun san ta a kacici-kacici: rigata guda ɗaya, aljihunta ɗari. Gidan gara ke nan.

Mai Kula da Zaure:
To mu koma kan hoton da ya tayar da zancen. Telan Fagge, me ke jikin angon?

Telan Fagge:
Na sake dubawa da kyau. Hammatarsa a ɗinke take, hannun ya bi damtse ya ƙare da maɓalli a wuyan hannu, wuyan zagaye ne da tsaga a tsakiyar ƙirji, aikin kuma na keke ne ya bi tsagar ya sauka, tsawon ya kai ƙauri. Kaftani ne. Wanda ya ce riga ce bai yi ƙarya ba, wanda ya ce babbar riga ce shi ne ya kauce. Ta abokinsa da ke tsaye a damansa, mai ruwan toka, wadda ya tattaro hannuwanta ya aza a kafaɗa, ita ce babbar riga, aska biyu ce.

Mai Aikin Hannu, Birnin Zariya:
Aska biyu ce, amma aikin kwamfuta ne ba na hannu ba. Ku matso da hoton ku dubi tambarin ƙirjinsa, layukan sun yi daidai da juna kamar an buga da hatimi, kuma zaren ya kwanta lif. Na hannu yana ɗan tashi sama da yadi, zagayen kuma ba ya taɓa cika cif.